Moɗar Gidan Suna

Ranar sunan jaririn maƙwabtanmu a Bukan Sidi, ƙishi ya kai ni bakin randa da rana tsaka. Yarinta ta sa na manta an hana ni moɗar jama'a, wai yawun mai farfaɗiya yana harbin mutane.

Ban gama haɗiya ba matar gidan ta maka mini muciya a baki. Haƙorina ya fita, jini ya zuba cikin moɗar.

"Mai farfaɗiya za ta kashe mana yara!" inji ta.

Kakata ta taso daga gindin murhu. Ta shaƙe matar, ta haɗa kanta da bango har ɗankwali ya faɗi. Sannan ta ɗebi ruwa da moɗar, ko ɗaurayewa ba ta yi ba, ta sha a gaban kowa.

"Yau kuka yanka rago don jariri ya sami suna," ta ce. "Ita ma an yanka mata. Ku kira ta da shi!"

Kaka ta rasu, ciwon ya lafa da magani, har na aurar da 'ya. Amma har gobe baƙon da ya nemi gidana da sunana sai ya sha yawo. In ya ce gidan mai farfaɗiya, ko yaro zai kawo shi.