Ranar da Baba ya sauya layi

A lokacin a fili ake zaɓe, kowa ya tsaya bayan hoton wanda yake so. Ina riƙe da hannun Baba a makarantar unguwarmu, Yakasai. Jam'iyyar su Baba ta dare gida biyu, manya sun ƙaƙaba musu ɗan takara. Sai Baba ya ja ni muka koma layin 'yan adawa.

Wansa, Baffa Sani, ya ɗaga murya: "Garba, a gaban jama'a?"

Na ɗauka sun daina ci a kwano ɗaya ke nan.

Baba ya ce, "Yaya, layi na bari, ba gida ba. A ajiye mini tuwona."

Baffa ya yi tsaki ya ce, "To, ka taho da miyarka."