Ƙofa Mai Jin Tari

Ranar da aka kafa ƙofa mai jin tari, wata na'ura, a firamarenmu, tarin shiƙa ya ƙare. Haka rediyo ya ce. Yaron da ƙofar ta ji, gidansu ake kullewa, ba kasuwa ba masallaci. Sai iyaye suka koya wa yara haɗiye tari.

Yau na raka jikata Dije, takwarar marigayiya matata. Ta kwana tana shiƙa.

"Tsoho, kalli gwaninta," ta ce. Ta riƙe numfashi har idonta ya kaɗa, ta wuce ta ƙofar. Malamarsu, da jariri a goye, ta kama hannunta.

Duk karatuna, a gidan ɗana, uban Dije, nake cin tuwo; in an kulle shi, har da ni. Aka kaɗa ƙararrawa ban ce mata ba: Dije, yi tarinki.