Wanda Ya Zo Na Biyu

Iska ya dafe kuncinsa na hagu, ya kalli zauren da ya cika maƙil, ya ce, "Ciwo malami ne. Wanda ya guje shi bai yi karatu ba."

Aka ɗauki tafi. Samarin da ke sahun gaba su ma duk sun dafe kunci, don a ganinsu haka manyan masu tunani ke yi.

A bayansa an rataye hoton da ya mai da shi mutum: ranar da ya lashe gudun yada-ƙanin-wani, tseren da aka buɗe wa kowa da kowa. Ga shi nan yana tsinka zaren ƙarshen tsere ba takalmi, ido a waje, da wani farin ƙyalle ɗaure a wuya. Can baya kuma ga wani dogo cikin farar riga har gwiwa, yana ɗaga hannu da wani abu mai ƙyalli. Shi ne ya zo na biyu, amma ba a taɓa ba shi kyautarsa ba, don kafin a nemi sunansa jama'a sun ɗaga Iska sama sun yi gaba da shi.

Daga wannan rana Iska bai sake gudu ba, sai baki. Ya kafa gidauniya mai raba wa yara takalman gudu, ya yi tumbi, ya iya sa mutane kuka da dariya a jimla ɗaya. Matarsa kaɗai ta san jarumin nan ba ya shan ruwan sanyi, kuma nama sai ta dafa shi ya yi lugub.

Yau kuwa ranar ta fi kullum nauyi. Wani attajiri da ake kira Mai Siminti na zaune a gaba, kuma in taron ya burge shi zai gina wa gidauniyar filin wasa. Mutum ne da aka sani da abu biyu: kyauta, da ƙin maƙaryaci.

Iska na shirin rufewa sai Mai Siminti ya miƙe. "Na kawo maka baƙo," in ji shi. "Na sa an nemo mutumin hoton nan."

Ƙofar gefe ta buɗe. Dogon ya tsufa, gashi ya yi fari fat, amma tafiyar tana nan, da 'yar baƙar jaka a hannu. Iska ya ji ƙafafunsa sun tuna sana'arsu. Ya auna nisan taga da ido, ya auna tumbinsa, ya haƙura.

"Maigida, gumin nan fa?" matarsa ta raɗa daga gefen dandamali.

"Farin ciki ne, ke dai."

Aka miƙa wa tsohon makirufo. Mai Siminti ya ce, "Baba, faɗa mana gaskiya. Yadda yake ba da labarin nan, haka aka yi?"

Tsohon ya daɗe yana kallon Iska, ba idonsa ba, ƙasa kaɗan.

"Ban taɓa ganin gudu irin nasa ba," ya ce. "Na kira shi, bai waiga ba. Na ce ya tsaya mu yi magana, ya ƙara wuta. Ko takalminsa bai tsaya ɗauka ba. Abin da ke cin yaron nan a ranar, daga ciki yake."

Zauren ya kaure da tafi. Mai Siminti ya share hawaye, ya ce filin wasa ya zama an gama, har da fitilu. Iska ya saki numfashi, ya buɗe hannuwa ya rungumi tsohon, masu hoto na ta haska su.

Da ya zo janyewa sai ya ji an riƙe masa wuyan hannu gam. Tsohon ya kashe makirufo, ya jawo kujerar babban baƙo da ƙafa, ya zuge jakar ya zaro filaya.

"Ni ban taɓa barin aiki a rabi ba, ɗana," in ji likitan haƙorin. "Zauna ka buɗe baki."