Hancin Mai Inshora

"Wannan kuɗin inshora ne ko sadaki?" in ji mai sana'ar sa gilashin ƙofa da taga, yana harara.

Ma'aikacin inshora ya ce, "Sana'arku ce da haɗari, maigida."

"Haɗarin me? Tunda nake, aikina bai taɓa ƙwarzanar kowa ba. Ba na yi!"

Dama tun da safe mai gilashin ya ɓare jan tef ɗin da aka liƙa wa sabuwar ƙofar gilashin shagonsa don a gan ta, wai baƙo ya ga tsaftar aiki.

Ma'aikacin ya suri jakarsa a fusace, ya nufi waje. Gwaram! Ƙofa ta tarwatse, hanci ya fashe.

Mai gilashi ya durƙusa kusa da shi, ya sassauta murya.

"Ɗan'uwa, in na biya yanzu, hancinka zai shiga cikin inshorar?"