Ƙullin da ke wuyan kwalba

Wani dattijo da ya tsufa a aikin haɗa manhajar kwamfuta ya ga abokin aikinsa zai tura manhaja ba tare da ya sa ainihin saitin da aka gina ta da shi a cikin ƙunshin ba, wai ai kowa ya san saitin. Sai ya ba shi wannan misali.

An yi wata mata da ta tashi a ɗakin uwarta mai haɗa turaren wuta. Duk ranar haɗi, kafin tsohuwar ta zuba komai a tukunya, takan tsakuri kowane abu gwargwadon yadda ta auna shi a ranar, hawi da sandal da farce da ƙajiji, ta ƙulle a ƙyalle, ta ɗaura a wuyan kowace kwalba. Abin da ya shiga tukunya shi take ƙullewa, ba abin da aka saba sawa ba, domin itacen bana ba na bara ba ne. 'Yar tana ganin ɓata lokaci ne. Da tsohuwar ta rasu sana'a ta dawo hannunta, sai ta bar ƙulli, tana cewa haɗin yana kanta.

Bayan wasu shekaru wata baƙuwa ta zo daga nesa da busasshiyar kwalba wadda ƙamshinta ya gama fita. A nan ta saye ta, kuma da turaren take turara ɗakin mijinta har Allah ya karɓi abinsa.

"Yaya, irinsa nake so, ko na kasko ɗaya ne," in ji ta.

Mai turare ta dubi kwalbar, ta gane haɗin hannunta ne, ba na uwarta ba, don babu ƙulli a wuyan kwalbar. Ta tuna a shekarar sandal ya yi wuya, ta maye gurbinsa da wani itace. Wanne? Nawa ta zuba? Ta haɗa yadda aka saba, baƙuwar ta sunkuya kan garwashi, ta girgiza kai. Mai turare ta ƙara farce, ta rage sukari, ta aika kasuwa aka sayo wasu itatuwa. Duk sun yi ƙamshi, amma babu na ɗakin. Baƙuwar ta yi godiya, ta naɗe kwalbarta a gefen mayafi ta tafi. Mai turare ta daɗe zaune gaban kasko, tana tuna yatsun uwarta a kan ƙyalle.

Shi ya sa Hausawa suka ce, tun ran gini, ran zane.