Mai Shanye Kunun Yara

"Haƙurinmu ya ƙare, Maman Tadala," in ji Agogo Nambewe, shugabar gidan renon yara na ƙungiyar unguwarmu a Zomba. "Kullum sai ya shanye wa yara kunu. Ya ƙwace tabarma ya miƙe, munsharinsa ya hana kowa barci. In bai daina ba, za mu rufe masa ƙofa."

Gaban Maman Tadala ya faɗi. In aka kori ɗanta, wa zai riƙe mata shi ta je kasuwa sayar da tumatir?

Ta durƙusa. "Ki yi haƙuri, Agogo, shekararsa uku kacal."

"Tadala? Ai yaron kirki ne. Mijinki nake nufi. Kullum in ya kawo shi, sai an tashi yake tafiya."