Hujin Takalmi

Wata makaɗiya na ɗora izga kan tsirkiya, tsinken ƙarfen da celo, gogen Turawa, ke tsayawa a kansa ya zame a santsin daɓen katako. Babban gogen ya nemi sulalewa daga tsakanin gwiwoyinta.

Alƙalai na bayan labule, domin a birnin Vienna mai neman gurbi a ƙungiyar makaɗa jin sa ake yi, ba a ganin sa. Har takalmi an sa ta cire, kada ƙwas-ƙwas ya tona cewa mace ce. Tun tana ƙarama take shirin wannan rana.

Ta janyo takalminta sabo fil, ta caka tsinken a ciki, ta take takalmin da ƙafa don kada ya zame. Ta yi kiɗa har ta manta da alƙalan.

Da aka yaye labule, dattijon da ke shugabantar masu celo ya ƙura wa takalmin ido.

"'Yata, wa ya koya miki wannan ɓarna?"

"Tsoro ne, Malam."

Ya kece da dariya, ya ɗaga ƙafa. Tafin tsohon takalminsa shi ma da irin wannan huji.

"Ashe malaminmu ɗaya. Ki zo aiki ran Litinin."